Tsuntsun Fafin da Kifin da ke Bakinsa: Darasi daga Tsibiran Shetlan

Gabatarwa

A kowace shekara, daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli, akan ga wasu matafiya suna saukowa daga jirgin ruwa a garin Lerwick da sanyin safiya, kowannensu yana tura keke da aka rataya wa jakunkuna hagu da dama kamar mangalar jaki. Sun kwana ne a kan teku tun daga birnin Abadin na ƙasar Sukotlan, tafiyar awa 12 zuwa 14. A cikin jakunkunan nan akwai tanti, da jakar barci, da ƙaramin risho, da guzurin kwanaki, da madubin hangen nesa. Da yawa daga cikinsu abu guda ne ya kawo su, wato ganin wani ɗan tsuntsun teku mai baƙin baya da farin ƙirji da jajayen ƙafafu, wanda bakinsa ke ɗauke da launin ja da rawaya da toka-toka. Turawan Ingila na kiransa fafin, mutanen Shetlan na ce masa tammie norie, masana kimiyya kuwa sun raɗa masa Fratercula arctica da harshen Latin, ma'ana ƙaramin ɗan'uwa na arewa.

Ga mafi yawan baƙi, kyan tsuntsun da tafiyarsa mai ban dariya su ne abin kallo. Masu nazarin halittun teku kuwa abin da suka fi zuba wa ido shi ne 'yan kifayen da yake riƙe da su a baki sa'ad da ya dawo daga farauta. Girman waɗannan kifaye da irinsu da yawansu suna bayyana halin da tekun Atlantika ta arewa ke ciki. Kafin a kai ga wannan, ya kamata a san wurin da kuma yadda ake isa gare shi.

Tsibiran da yanayinsu

Shetlan tarin tsibirai ne kimanin 100 a arewa maso gabashin Sukotlan, 16 daga cikinsu ne ke da mazauna, jimillar mutanen kuwa wajen 23,000 ce. Lerwick, babban garinsu, yana kan digiri 60 arewa da ikwaita, wato daidai da kudancin Girinlan. Duk da haka teku ba ta daskarewa a wurin, domin akwai igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga yankin mashigin tekun Meksiko, ta ratsa Atlantika ta biyo ta gefen tsibiran. Wannan ne ya sa hunturunsu bai cika tsanani ba. Lokacin zafinsu kuma bai cancanci sunan ba, don a watan Yuli ma'aunin zafi kan tsaya ne a wajen digiri 12 na Selshiyas, abin da mutumin Kano zai kira tsakiyar hunturu.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne tsawon yini. Saboda duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, ɓangarenta na arewa yana fuskantar rana sosai a watan Yuni. A Kano, wadda ke kan digiri 12, bambancin bai taka kara ya karya ba: yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura awa 11. A Lerwick kuwa rana kan yi kusan awa 19 a sama ranar 21 ga Yuni, sauran sa'o'in ma duhu ba ya kankama, sai wani haske irin na bayan magariba. A Disamba abin ya juya, yini ba ya cika awa 6. Wannan dogon haske na lokacin zafi shi ke sa ƙananan tsirran teku su yi yabanya, su ciyar da ƙananan dabbobin ruwa, su kuma su ciyar da kifi. Tsuntsayen teku sun daidaita lokacin ƙwansu da wannan 'yar damina ta cikin ruwa.

Keke da iska

Wuraren kallon fafin biyu mafi shahara a Shetlan suna can bakin iyakoki biyu. A kudu akwai Sumburgh Head, kimanin kilomita 40 daga Lerwick, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa da injiniya Robert Stevenson ya gina a 1821 take tsaye. A arewa akwai Hermaness, a ƙarshen tsibirin Unst. Mai keke da ke son zuwa can sai ya bi babban tsibiri har Toft, ya shiga jirgin fito zuwa tsibirin Yell, ya ratsa shi, ya sake shiga wani jirgin zuwa Unst. Daga wannan iyaka zuwa waccan hanyar ba ta kai kilomita 150 ba. A lissafin takarda tafiyar kwana biyu ce, amma iska ce ke yanke hukunci.

Tsibiran kusan babu itatuwa, saboda haka babu abin da ke tare iskar teku. Ƙa'idar kimiyya a nan ita ce, ƙarfin da iska ke tokare abu da shi yana ƙaruwa ne gwargwadon saurinta sau kansa. Alal misali, mai keke da ke gudun kilomita 15 a awa ranar da babu iska, iskar da yake ratsawa tana bugunsa da saurin kilomita 15. In kuwa wata iska ta taso daga gabansa da saurin kilomita 15, to jimillar ta zama 30. Sauri ya ninka sau 2, tokarewar kuwa ta ninka sau 2 sau 2, wato sau 4. Jakunkunan da ke gefen keken suna ƙara faɗin abin da iskar ke bugu. Shi ya sa gogaggun matafiya ke duba hasashen yanayi kafin su zaɓi ko daga kudu za su fara ko daga arewa, suna kuma ɗora kaya masu nauyi ƙasa-ƙasa a kan kariya don kada iskar gefe ta kayar da su. Kayan faci da famfo wajibi ne, domin mai gyaran keke yana iya kasancewa a wani tsibirin dabam.

Amfanin keke a wannan harka a fili yake. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, kuma saurinsa daidai yake da na ido. Mai mota kan wuce ƙananan tsuntsayen bakin hanya bai gan su ba, alhali wasunsu, irin wani ɗan tsuntsu mai farin gindin wutsiya da ke sheƙa a cikin katangun dutse, a yankin Sahel na Afirka suke cin hunturu.

Kwana a fili

Dalilin ɗaukar tanti shi ne fafin ya fi taruwa a bakin raminsa da sassafe da kuma maraice, lokacin da masu yawon yini ɗaya ba su iso ba ko sun riga sun tafi. Dokar ƙasar ta ba da dama. A 2003 majalisar Sukotlan ta zartar da dokar gyaran sha'anin filaye, wadda ta fara aiki a 2005, ta bai wa kowa 'yancin ratsa yawancin filaye da ruwaye a ƙafa ko a kan keke, har da kafa tanti, muddin ya yi hakan da kula. Sharuɗɗan sun haɗa da cewa mutane su kasance kaɗan, kayansu marasa nauyi, kada su wuce dare biyu ko uku a wuri guda, su nisanci gidaje da gonakin da aka shuka da garken dabbobi, su kwashe sharar su, in kuma za su kewaya su yi nesa da ruwa da aƙalla mita 30. Ƙasar Norwe tana da irin wannan doka tun 1957, inda ta ce tanti ya nisanci gidan da ake zaune a ciki da mita 150.

Abubuwa biyu ne ke buƙatar bayani na kimiyya a nan. Na farko wuta. Yawancin ƙasar tudun Shetlan wata baƙar ƙasa ce mai laushi da ta taru daga tsirran da suka mutu ba su gama ruɓewa ba saboda sanyi da jiƙa. Kaurinta kan ƙaru da kimanin milimita ɗaya ne kawai a shekara, ke nan mita ɗaya aikin shekara dubu ne. Mutanen wurin sun daɗe suna yankar ta suna busarwa su yi makamashi da ita. In ta bushe aka hura wuta a kanta, wutar kan nutse ta yi ta ci a ƙarƙashi kwana da kwanaki bayan mai hurawa ya ɗauka ya kashe ta. Don haka risho ake amfani da shi. Na biyu sanyi. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, saboda haka wanda ya yi gumi a kan keke, ruwan sama ya jiƙa shi, sa'an nan ya zauna a kan dutse iska na kaɗa shi, zafin jikinsa na iya sauka ƙasa da digiri 35 ko da a watan Yuli. Alamun farko su ne makyarkyata da rikicewar tunani. Rigar auduga tana riƙe ruwa ta manne a jiki, ta ulu kuwa tana ɗumama mutum ko da ta jiƙe.

Ba a kafa tanti a cikin mazaunin tsuntsaye. A Hermaness matafiyi kan ajiye kekensa a ƙarshen titi, ya yi tafiyar kusan awa ɗaya a kan wata hanyar katako da aka shimfiɗa bisa fadama, har ya isa bangayen dutse masu tsayin mita 170 a kan teku. Ciyawar da ke bakin waɗannan bangaye a rarake take da ramukan fafin. Ƙafar mutum guda na iya rufta rami a kan ƙwai ko ɗan tsako, kuma mai taka wurin shi ma yana gab da faɗawa.

Tsuntsun kansa

Yawancin masu ganin fafin karon farko kan yi mamakin ƙanƙantarsa. Tsawonsa bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa kimanin giram 400, wato bai fi babbar tantabara ba. Yana cikin dangin tsuntsayen da ake kira ok, waɗanda ke zaune a tekunan arewa kawai. Kamanninsa da tsuntsun fengwin na kudancin duniya ba na dangantaka ba ne. Irin rayuwa guda ce ta sa siffarsu ta zo ɗaya.

Fikafikansa gajeru ne, kuma a nan akwai darasi. Ruwa ya fi iska kauri kimanin sau 800. Fiffiken da ya dace da tashi sama dogo ne mai faɗi, wanda ya dace da iyo a ƙarƙashin ruwa kuwa gajere ne mai ƙarfi kamar filafilin kwalekwale. Fafin yana buƙatar duka biyun, sai ya sami na tsaka-tsaki. A cikin ruwa yana kaɗa fikafikan tamkar mai tashi, ƙafafunsa na yi masa aikin sitiyari, yana iya nutsawa har mita 60, ko da yake galibin nutsonsa bai kai rabin haka ba. A sama kuwa sai ya biya bashin wannan gwaninta: dole ya kaɗa fiffike har sau 400 a minti kafin ya tsaya a iska. Tashi yana cin ƙarfinsa ƙwarai, kuma wannan batu zai dawo idan aka zo maganar abinci. Wani babban ɗan'uwansa, wanda ya rasa iya tashi gaba ɗaya, mafarauta sun ƙarar da shi. An kashe biyun ƙarshe da aka tabbatar a tsibirin Eldey na ƙasar Aislan a 1844.

Fafin tsuntsun teku ne na haƙiƙa. Wata takwas na shekara ba ya taka ƙasa, a kan ruwa yake barci, ruwan gishiri yake sha, wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman idanunsa suna tace gishirin su fitar da shi ta hanci. A watan Afrilu yake dawowa tudu, galibi ga abokin zamansa na bara da raminsu na bara. Ramin yakan kai mita ɗaya ko fiye. Su kan haƙa shi da baki da farata, ko su gaji na zomo. Macen tana yin ƙwai ɗaya tak a shekara. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin mako shida, sa'an nan su yi wasu makonni shida suna jigilar kifi. Bakin nan mai ado na lokacin aure ne kawai. Bayan an gama renon ɗa, ɓawon da ke kansa yakan zube, bakin ya ƙanƙance ya dushe, fuskar ta yi duhu, har mutanen da suka ɗauka wani tsuntsu ne dabam. A 2018 masu bincike a Ingila sun gano cewa wasu sassan bakin suna ƙyalli idan aka haska su da hasken da ya zarce shuɗi, wanda idon ɗan Adam ba ya gani.

Wani abin da aka san fafin da shi shi ne iya ɗaukar kifi da yawa a tafiya guda. A ganɗarsa akwai 'yan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro. In ya kama kifi sai ya danne shi da harshe a jikin ƙayoyin, ya sake buɗe baki ya kama wani ba tare da na farkon ya kuɓuce ba. Yakan dawo da kamar goma a jere, an ma taɓa ƙirga fiye da 60 a bakin tsuntsu guda. Da yake ba ya haɗiye abincin ɗansa ya amayar kamar yadda wasu tsuntsaye ke yi, duk wanda ke zaune da madubin hangen nesa yana iya ganin abin da teku ta bayar a ranar.

Sarƙar abinci

Babban abincin 'ya'yan fafin a tekun arewa shi ne wani siririn kifi mai launin azurfa, mai yawan mai a jiki, wanda za a iya kira kifin rairayi, domin yawancin shekara a binne yake cikin rairayin ƙasan teku. Yakan fito ne daga bazara zuwa tsakiyar lokacin zafi don ya ci wasu ƙananan dabbobin ruwa da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ke cikin rukunin filankiton. Sarƙar gajeriya ce: hasken rana, tsirran filankiton, dabbobin filankiton, kifin rairayi, fafin. Ko wace ƙawanya ta tsinke, ɗan tsakon da ke cikin rami ne zai fara ji.

Tun 1931 ake jan wata na'ura da masani Alister Hardy ya ƙirƙiro a bayan jiragen kasuwanci, tana tara filankiton a kan ƙyallen siliki. Wannan dogon tarihi ya nuna cewa yayin da Tekun Arewa ta ƙara ɗumi da kimanin digiri ɗaya a 'yan shekarun nan, wani nau'in dabbar filankiton mai son sanyi, mai ƙiba, da ake kira Calanus finmarchicus, ya ragu ƙwarai ya ja zuwa arewa. Wani ɗan'uwansa mai son ɗumi ya maye gurbinsa, amma bai kai shi mai ba, kuma yana yawaita ne a ƙarshen shekara, lokacin da 'ya'yan kifin rairayi suka riga suka wuce matakin da suka fi buƙatarsa. Digiri ɗaya ba ya kashe fafin kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ya raba mai ci da abincinsa a wuri da kuma a lokaci.

Kamun kifi ma yana da nasa rabon. Ba a cin kifin rairayi a kan tebur, niƙa shi ake yi a fitar da mai da garin abincin dabbobi. A Shetlan an fara kamunsa a 1974, abin ya kai ƙololuwa a 1982 da kimanin tan 52,000. Daga tsakiyar shekarun 1980 tsuntsayen teku na tsibiran suka shiga kasa fitar da 'ya'ya shekara bayan shekara, aka rufe kamun a 1991. Masana sun yi ta muhawara a kan ko tarun masunta ne sanadi ko sauyin igiyoyin ruwa da ke kawo 'ya'yan kifin, kuma hujjoji sun fi karkata ga na biyun, amma ba a musun cewa ɗibar abin da ya riga ya yi ƙaranci ƙarin ciwo ne. A watan Maris na 2024 gwamnatin Sukotlan ta haramta kamun wannan kifi a dukkan ruwayenta. A tsibiran Røst na Norwe, inda 'ya'yan fafin suka dogara ga ƙananan kifin herin, an ƙiyasta ma'aurata kimanin miliyan 1.4 a 1979, amma zuwa 2015 ba su kai 300,000 ba. A wannan shekara ta 2015 ne ƙungiyar duniya mai lura da kare halittu ta sanya fafin cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari.

A nan ne batun tsadar tashi ke dawowa. In kifi ya yi nisa, iyaye sukan ƙone ƙarfi mai yawa don kawo abinci kaɗan. In kuma suka rasa kifin rairayi, sai su kawo abin da suka samu. Daga wajen 2003 zuwa 2007 wani dogon kifi mai tauri kamar tsinke ya yawaita a ruwayen Birtaniya, fafin suka yi ta kai wa 'ya'yansu shi. Ba shi da mai, yana da wuyar haɗiya, aka riƙa samun 'yan tsaki matattu a cikin ramukan da ke cike da shi.

Abin lura shi ne, bala'in da ya fi ɗaukar hankalin jaridu bai taɓa fafin sosai ba. Ranar 5 ga Janairu 1993 jirgin dakon mai mai suna Braer ya yi karo da duwatsu kusa da Sumburgh, ya zubar da ɗanyen mai kimanin tan 85,000. Tsuntsayen gaɓa da yawa sun mutu, amma fafin suna can tsakiyar teku a wannan wata. Yunwar da ba ta da hoto ta fi yi musu ɓarna.

Lissafin da ido ba ya gani

Baƙon da ya iso Sumburgh ya ga ɗaruruwan fafin zai iya cewa babu wata matsala. Lissafi kaɗan zai nuna inda kuskuren yake. Fafin tsuntsu ne mai tsawon rai, yakan wuce shekara 20, an ma sami waɗanda aka sa wa zobe a ƙafa da suka haura 30. Kimanin 90 cikin 100 na manya sukan tsira daga shekara zuwa shekara. Amma ba ya fara ƙwai sai ya kai shekara huɗu ko biyar. Ke nan in dukkan 'yan tsakin bana suka mutu, ba za a ga giɓinsu a bakin ramuka ba sai bayan shekara biyar.

Ɗalibi na iya gwada wannan da alƙalami. A ɗauka akwai manya 1,000, kuma babu sabon jini da ke shigowa. Bayan shekara ɗaya saura 900, sai 810, sai 729, sai 656, sai 590, sai 531, a shekara ta bakwai 478. A kowace shekara ragin ɗaya cikin goma ne kawai, abin da mai ziyara ba zai lura da shi ba, amma cikin shekara bakwai fiye da rabi sun tafi. Irin wannan zaizayewa aka gani a Fair Isle, tsibirin da ke tsakanin Shetlan da Orkney, inda adadin fafin ya sauko daga wajen 20,000 a 1986 zuwa wajen 10,000 a 2012, kuma binciken ya nuna cewa ƙarancin matasa masu dawowa ne babban dalili.

Saboda haka ƙirga manya labarin baya yake bayarwa, duba bakinsu kuwa labarin gaba. A 2017 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta roƙi masu ziyara su aiko mata da hotunan fafin ɗauke da kifi, tare da wuri da kwanan wata. Ta sami hotuna fiye da 1,400 daga kusan mazauna 40. Da aka auna kifayen ta hanyar kwatanta su da tsawon bakin tsuntsun, sai aka ga cewa na arewacin Sukotlan, har da Shetlan, suna kawo ƙananan kifaye fiye da na kudu. Baki cike da kifaye ashirin 'yan mitsi-mitsi masu kama da zare alama ce ta wahala, huɗu ko biyar manya masu ƙyalli sun fi su amfani. Matafiyi mai keke da kyamara ya zama ɗan aiken kimiyya ke nan.

Yana kuma iya zama mai ɓarna ba da saninsa ba. Tsuntsun da ke ƙwai a rami ba shi da kariya daga ɓera, kuma ɓera a cikin kaya yake shiga tsibiri. Tsibirin Lundy na Ingila, wanda sunansa ma daga kalmar fafin ta tsohon harshen mutanen Norwe ya samo asali, fafin 13 kacal aka ƙirga a cikinsa a 2000. An kawar da ɓeraye, aka tabbatar da hakan a 2006, zuwa 2023 adadin ya haura 1,000. Wannan ne dalilin da ya sa ake buƙatar mai zuwa ƙananan tsibirai ya zazzage jakarsa da tantinsa kafin ya shiga jirgi, ya kuma rufe abincinsa a cikin mazubi mai murfi.

Ina suke zuwa?

Har farkon wannan ƙarni babu wanda ya san takamaiman inda fafin ke cin hunturu. Amsar ta zo ne ta wata 'yar na'ura mai nauyin giram ɗaya ko biyu da ake ɗaura wa a zoben ƙafa. Ba ta magana da tauraron ɗan Adam, agogo ne kawai da ma'aunin haske a cikinta. Tana rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kullum, in tsuntsun ya dawo raminsa baɗi sai a cire ta a karanta. Tsawon yini yana nuna nisan wurin daga ikwaita. Lokacin da rana ta take tsaka kuwa yana nuna gabas ko yamma, domin duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti 4. In agogon na'urar yana kan lokacin Girinwic, kuma rana ta take tsaka da ƙarfe 2, to tsuntsun yana digiri 30 yamma, tsakiyar Atlantika ke nan. Malami na iya sa ɗalibai su yi irin wannan a filin makaranta da sanda da agogo, su nemo lokacin da inuwa ta fi gajarta, su lissafa matsayin garinsu. Dabarar tana da rauni guda: a wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba yini da dare daidai suke a ko'ina, don haka tsawon yini ba ya nuna komai.

Sakamakon ya nuna cewa fafin ba sa ƙaura a garke zuwa wuri guda. Wasu daga gabashin Sukotlan a Tekun Arewa suke tsayawa, wasu daga yankin Wels suna shiga Bahar Rum, wasu daga Ailan suna ƙetare Atlantika har gaɓar Kanada. Maƙwabta biyu na iya bin hanyoyi mabambanta, amma kowanne yakan maimaita tasa hanyar shekara bayan shekara.

Ba iyaye ke koya wa ɗa wannan hanya ba. A ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ɗan tsakon yakan fito daga rami shi kaɗai, cikin dare, lokacin da manyan tsuntsaye masu farautarsa ba sa gani sosai, ya nufi teku. Hasken lantarki yana rikita shi. A garin Heimaey na Aislan, ƙasar da ta fi kowace yawan fafin, yara kan zaga tituna da kwalaye a watannin Agusta da Satumba suna tsintar waɗanda fitilun gari suka ɓatar, da safe su kai su bakin teku su sake su. Don haka ne mai tanti a kusa da gaɓa yake kashe tocilarsa a waɗannan darare. Ɗan tsakon da ya isa ruwa lafiya yakan yi iyo ya yi nisa kafin gari ya waye, kuma ba zai sake taka ƙasa ba sai bayan shekara biyu ko uku.